Pulombiyen da ke duba kontar kahin ya ɗauki guduma

A Maradi masu gyaran pampo ba su da wuyar samu, ka tsaya bakin kowane shagon kayan ruwa ka ce kana neman pulombiye, kahin ka rufe baki an nuna maka samari zaune bisa benci kowa da kile a aljihu. Wanda ke da wuyar samu shi ne mutumin da zai tsaya ya gano inda ruwa ke tsiyaya tukuna, sannan ya sa guduma ya fasa maka karo da siminti. To irin wannan ne nike so in ba da labarin aikinshi, inda ya iya da inda ya gaza, don ya daɗe shina yi mana aiki a gida nan unguwar Ali Ɗan Sofo, kuma na tura shi gidajen ƴan uwa a unguwannin Zariya da Bagalam, na ga hannunshi a tsohon gini da sabo. Sunanshi da lambarshi ba zan rubuta ba don ban nemi izininshi ba. Dattijo ne dai mai ɗan shago wajen Sabon Gari, da yara biyu masu koyon aiki, da wata tsohuwar moto wadda akwatin kayan aiki ke ɗaure bayanta da roba.

Aikin da ya sa na yarda da shi na faktir ne. Kuɗɗin ruwanmu ya yi ta hawa wata bayan wata alhali ba baƙi munka yi ba, ba biki ba suna, ba gini. Kowa ya san dai tun Janairun 2024 kamfanin NDE ne ke riƙe da ruwan gari a madadin kamfanin SEEN, ko da yake har yanzu tsofaffi SEEN suke cewa, kuma ƙa'idar ba ta sake ba, daga kontar zuwa waje nasu ne, daga kontar zuwa cikin gida naka ne, duk abin da ya zube ta nan kai za ka biya ko ba ka ga ɗigo ɗaya da idonka ba. Mutane da yawa ba su lura da girman mita kib guda da ake rubutawa a takarda, lita 1000 ne, wato tono 5 na lita 200, ko bido 40 na lita 25. In aka ƙara maka mita kib 10 a wata to bido 400 ke nan sunka shige ƙasa, ka tambayi mai ga-ruwa kura nawa ke nan.

Da ya zo bai ko sauke akwatin daga moto ba. Ya yi sallama ya tsaya zaure har anka shaida ma mata, sannan ya ce Alhaji a rufe kowane robine na gidan, kar a taɓa ko na alwala. Ya tahi wajen kontar ya durƙusa, ya sa babban yatsa ya share ƙurar gilashin, ya ce zo ka gani. Akwai wata ƴar ƙaramar alama mai juyawa a tsakiyar kontar, wadda ko ruwa kaɗan ya wuce sai ta motsa, to ga ta nan tana ta juyi hankali kwance alhali ba mai ɗibar ruwa. Ya ce to an tabbata cikin gida ne, saura mu san ina. Daga nan sai ya aiki yaronshi kanti ya sayo bula ta wanki, wadda ake sa ma fararen kaya, ya buɗe murfin tankin wese ya zuba kaɗan ya ce kar a ja shas, mu zauna mu sha ruwa. Ba a jima ba ruwan cikin kwanon wese ya zama shuɗi. Robar da ke toshe ƙasan tankin ta bushe ta lanƙwashe, ruwa na silalewa dare da rana ba ƙara ba alama, fulotar kuma, abin nan mai yawo bisa ruwa da ke buɗewa in ruwa ya ragu, na ta cika tankin. Ya sake robar, abin da bai kai kuɗɗin tuwo ba.

Wani da nan zai karɓi kuɗɗinshi ya kama gabanshi, an ga yoyo an gyara, kowa ya shaida. Shi sai ya koma wajen kontar ya sake durƙusawa. Alamar ta rage gudu amma ba ta tsaya ba. Ya ce Alhaji akwai na biyu, kuma wannan ƙarƙashin ƙasa yake, zan dawo bayan isha in gari ya yi tsit. Ya ko dawo da wani dogon turnabis, ya riƙa kafa bakinshi jikin tiyo duk inda tiyo ya hito daga bango, ya manna kunnenshi ga mariƙin shina saurare, daga kicin zuwa dushi zuwa pampon tsakar gida, yara sun taru suna kallonshi suna dariya ƙasa ƙasa. Ya haska gindin bango da tocila ya nuna min inda fenti ya kumbura ya yi farin gishiri-gishiri, ga tururuwa sun yi layi wajen alhali tsakiyar rani ne ko'ina ya bushe ƙamas. Ya ɗauki gawayi ya zana da'ira a ƙasa. Da safe karo 4 kawai anka cire, ga tiyon galba, wato na ƙarfe, ya ci tsatsa daidai wajen zaren murɗi da anka haɗa kud, mahaɗin lanƙwasa, ƙasar wajen ta zama taɓo. Ni na ga gidan da anka fasa tsakar gida tun daga ƙofa har bayi ana neman irin wannan yoyon, maigidan ya biya maso da karo abin da ya ninka kuɗɗin gyaran, to shi ya sa nike ganin wannan haƙurin nashi shi ne ainihin abin da kake saye.

Wajen kaya kuma ba ya ɓoye-ɓoye. Galba dai ya ce zamaninshi ya wuce ga ruwan cikin gida, tsatsa ke cin shi daga ciki har hanyar ruwan ta matse, shi ya sa a tsofaffin gidaje za ka buɗe robine da safe ruwa ya fara hitowa ja-ja kuma ba ƙarhi. Tiyon roba na PVC shina da araha amma iri biyu ne kuma nan ake cutar mutane, akwai mai kauri na ruwa mai matsi, akwai mai sirin jiki na zubar da ruwan datti, wasu sai su sa maka na biyun a layin pampo don ya hi sauƙin kuɗɗi, ya yi ƴan watanni ya tsage. Kuma ko mai kyan ne in ka bar shi a rana, ranar Maradi ta watan Afrilu da Mayu, sai ya ƙone ya yi gautsi, yaro ya taka ya fashe. Duk inda PVC ya bi waje sai ya ce ko a binne ko a shafa fenti. Abin da shi ya hi so shi ne PPR, wannan koren tiyon da ba a sa ma kol, ana gasa bakinshi da na'ura mai zahin kusan digiri 260 a cusa cikin mahaɗin su narke su zama abu guda. Na tsaya na ga yadda yake yi, shina ƙirga daƙiƙu da baki, ya zare ya cusa kai tsaye ba murɗawa, ya riƙe jim kaɗan. Ya ce in ka bar shi ya wuce lokaci robar na narkewa ta toshe rabin hanya daga ciki, kai ba ka gani ba sai dai ka yi ta mamakin mi ya sa ruwa ba ya da ƙarhi a sabon gini. Matsalar PPR ɗaya, sai da wuta, ranar da babu kuran sai an nemo gurup ko a jira.

Wani abu da ni ban taɓa lura ba sai wajenshi, batun awo. Mu nan kayanmu gauraye suke, wasu na shigowa daga Kano da Katsina ta Jibiya da Ɗan Isa ana kiransu da inci, rabin inci, inci ɗaya, wasu kuma da milimita, 20, 25, 32, sannan zaren robine a ce maka 15/21 ko 20/27. In ka tahi kai kaɗai ka sayo tiyo a shago guda, kud da te, mahaɗi mai baki ukku, a wani shagon, sai a zo haɗi a ga ɗaya na lilo cikin ɗaya. Yaran da ba su damu ba sai su hura wuta da kwali su gasa bakin tiyon su tura da ƙarhi su malala kol, ranar ba ya yoyo, bayan sun ci kuɗɗin ne za ka ji. Shi yanke guntun tsohon tiyon yake yi ya ba ka ya ce tahi da shi ka gwada a hannunka. Lokacin da anka rufe iyaka bayan Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024 kaya sun yi tsada kuma jabu sun cika gari, a lokacin ma na ga ya gwammace ya gyara tsohon ban na tagulla, wato makullin da ke tsayar da ruwa, da ya sa sabo wanda bai yarda da shi ba.

Robine ma haka. Ya ɗora min biyu a tahin hannu, ɗaya da nauyi ɗaya sakayau kamar gwangwanin tumatir, dukansu suna ƙyalli iri ɗaya. Ya ce mai nauyin tagulla ce a ciki, ɗayan kuwa wani ƙarfe ne mai gautsi anka yi ma fenti, in yara sunka murɗa da ƙarhi wuyan ke karyewa ya bar zaren cikin bango, hitar da shi kuma aiki ne. Araha ba ta ado dai. Amma bai tilasta maka, in ka ce aljihunka na ƙaramin ne zai sa maka, sai dai ya ce Alhaji na faɗa maka, wannan ban ba da garanti bisa kanshi ba.

Debi, wato lissahin kuɗɗin aiki, shina rubutawa a takardar kaye, kaya daban kuɗɗin hannu daban, kuma in kana so kai ka tahi ka sayo da kanka ba ya fushi, wanda ba kowa ba ne, da yawa ribarsu na cikin sayen kayan ne. Kuɗɗin hannunshi ko ya hi na yaran benci, wannan gaskiya ce. Sake robine jaka 2 ya karɓa wajena inda wani zai yi a jaka 1. Neman yoyon nan da gyaranshi, da dawowar dare da komi, jaka 15 ban da kaya, kuma ba ya son dogon ciniki, in ka matsa sai ya yi murmushi ya fara ɗaure akwati.

A gidan ƙanwata a Zariya shato ne ya ɗora, tankin roba na lita 1000, saboda lokacin zahi ruwa kan yi rauni da rana sai dare yake zuwa sosai. Mijinta na son a aza shi bisa ɗan gajeren gini don ƙarfe ya yi tsada, dattijon ya ce to ka sani dushi ba zai yi ƙarhi ba, matsin ruwa daga tsawo yake zuwa ba daga girman tanki ba, mita 10 ke ba da bar 1 a ma'aunin matsi, in ka aza shi mita 2 sai dai ka cika bokiti. Sunka daidaita a tsakiya. Ya sa fulotar don ya tsaya da kanshi in ya cika, ya sa kilape wanda ke hana ruwan tanki komawa baya cikin layin gari, ya hitar da tiyon ambaliya ta inda za a gan shi daga tsakar gida don in fulotar ta lalace a sani da wuri. Abin da ya hi burge ni shi ne ban da ya sa ma kowane ɓangare, kicin da nashi, bayi da nashi, ɗakin baƙi da nashi. Mu gidanmu na da guda ɗaya ne tal a bakin kontar, ko robine guda za a sake sai an kashe ma kowa ruwa, Inna na tsakiyar wanke hatsi a ce ta dakata. Ya kuma ce a riƙa rufe murfin tankin gam, haske in ya shiga gansakuka ke hitowa, ban da ƙurar hunturu da ƙadangaru.

Sai batun wari da toshewa, wanda shi ne rabin kiran da ake yi ma kowane pulombiye a garin nan. Ɗakin baƙinmu na da dushi a ciki, in anka daɗe ba a shiga ba sai wari ya cika ɗakin, an wanke da girezil an turara, a banza. Ya leƙa magudanar ya ce kawo buta. Ya tuttula ruwa ya ce shi ke nan. Ashe wannan lanƙwasar ta sifo ruwa ne ke zama cikinta ya tare iskar fos, ramin da dattin bayi ke taruwa, da zahi ya busar da ruwan sai hanya ta buɗe. Bai karɓi ko dala ba, ya ce a riƙa zuba buta guda duk mako. Na kicin kuwa sai da ya yi ma mata wa'azi sosai, cikin ladabi dai, Hajiya don Allah yashi da tokar da ake goge tukunya kar su bi ta nan, da sauran tuwo da man miya, man in ya huce daskarewa yake ya kama yashin ya zama dutse. Ba ya zuba asid, ya ce wannan na batir da wasu ke tuttulawa na iya lalata robobin mahaɗi kuma in ya fantsamo ido an gama. Waya mai murɗawa yake turawa ya jawo dattin, sannan ya gano tiyon ma kwance yake ba gangara, ya ɗaga shi ya ba shi santimita 2 a kowace mita, ya sa anka gina ɗan rami mai murfi a bakin kicin inda yashi zai kwanta a riƙa kwashewa da hannu.

Fos da rijiyar tsotse ruwa ba ya kwashewa, sai dai ya haɗa ka da masu mota. Amma shina duba tiyon numfashi na fos, wanda ke hawa sama ya wuce rufi, ya ɗaure mishi raga a baki don sauro da ƙuda. Kuma ya ja kunnena da kakkausar murya, kar a kuskura a tura yaro ciki don an ga an kwashe, iskar da ke ƙasan na kashe mutum kahin ya yi ihu, wanda ya shiga ceto ma ya bi shi. Ya ce aikin ƙasa a garin nan ba iri ɗaya ba ne, bisa tudu inda anka maido gari bayan ambaliyar 1945 yashi ne mai shan ruwa, amma can gangare wajen Gulbi da damina ƙasa na ƙoshi, rami ya cika da wuri, a yi ta zargin pulombiye alhali ba laihinshi ba ne. Inda akwai rijiyar sha a gida kuwa bai yarda a haƙa rami kusa da ita, aƙalla mita 15, in akwai hili ya hi son 30.

To yanzu inda ya gaza, don shina da su. Alƙawarin lokaci babu. In ya ce gani nan tahe to ka je ka yi harkokinka, in ya ce bayan azahar ka sa rai da la'asar sakaliya, wayarshi kuma rabin yini tana cikin akwatin moto tana ta kuka ba mai ɗauka. Mutum ɗaya ne ana jan shi ko'ina, kuma ba ya iya cewa a'a, sai ya amsa ma kowa. Ranar da tiyo ya fashe ruwa na malala cikin ɗaki ba shi za ka kira ba, ka rufe ban na kontar ka nemi na kusa ya tsayar maka, shi ya zo daga baya ya yi na dindindin.

Na biyu yaranshi. In shina tsaye kansu lahiya lau, in ya turo su su kaɗai sai addu'a. Ɗayan ya zo sa robine a wajen alwala, ya naɗa teflon, farar ledar nan mai hana ɗigo, a juye, maimakon ya bi yadda zaren ke shiga, da ya murɗa sai teflon ɗin ya warware ya tattare, ya ga ɗigo sai ya ƙara matsewa da kile har mahaɗin ya tsage. Maigidan nashi ya zo ya sake da kuɗɗinshi bai ce in ƙara komi ba, ya ce ma yaron kai ɗan nan hannu ake fara sawa kahin kile, amma dai an yini ba ruwa a wajen. Kuma ba su share wuri, guntayen tiyo da ledar kaya da gwangwanin kol sai ka bi ka tsince kahin yara ƙanana su kai baki.

Na uku, ba maso ba ne kuma bai kamata ya riƙa gwadawa ba. Karon nan 4 da ya cire ya ce zai mayar, ya mayar ɗin amma ɗaya ya ɗan ɗara sauran tsawo, kullum sai ya kama ma wani takalmi, layin siminti kuma a karkace. Ka bar shi ya gama aikin ruwa, a buɗe ban a bar ramin a buɗe ya kwana a tabbata ba ɗigo, sannan ka kira mai karo na gaske ya rufe. Haka nan na'urar ɗumama ruwa ta lokacin ɗari, zai haɗa maka ɓangaren ruwa da bawul ɗin tsaro, amma waya ba ya taɓawa, sai ka zo da elektirisiye naka, wannan kam na yaba mishi da ya san iyakarshi.

Rasit ma sai ka roƙa, in ba haka ba garantin nashi na baka ne, ko da yake ni ban taɓa ganin ya musanta aikinshi ba. Ɗan haya da zai cire kuɗɗin gyara daga kuɗɗin hayar wata gara ya sa shi ya rubuta ya sa hannu tun a wurin. In za ka neme shi ka kira da sassafe bayan sallar asuba kahin ya hita, lokacin ne kaɗai wayar ke hannunshi, Litinin da Juma'a kuma ranakun kasuwa ne shina can wajen sayen kaya, gara ka sa aikinka Talata ko Laraba.